Mijina Ya Ce A Gwada Cikina, In Sikila Ne A Cire

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a cikin garin Gombe, shekarata 30, shekara takwas da aure. Kafin a ɗaura mana aure mun yi gwajin jini, aka ba ni AS, aka ba mijina AA. Sai da ɗanmu na fari ya kai wata takwas, hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, aka gano sikila ne. Da aka sake gwada babansa sai ya fito AS. Yaron yanzu shekararsa shida, an yi masa ƙarin jini sau huɗu, bara da hunturu kwananmu goma sha ɗaya a asibiti. Ƙanwarsa AS ce, lafiyarta lau. Yanzu ina da ciki, sati tara a lissafin asibiti. Wani abokin mijina ya gaya masa akwai gwajin da ake yi a Abuja ko Legas, a san jinin jariri tun yana ciki. Mijina ya ce zai sayar da filinsa mu je, in SS ne a cire tun bai zama mutum ba, don ba zai iya sake ganin wani yaro cikin wannan azaba ba. Mahaifiyata ta ce kada in kuskura, leƙen gaibu ne. Uwar mijina kuma ta fara cewa ya nemo mai lafiyayyen jini. An kuma ce mana akwai wani gwajin da jinina kawai za a ɗiba, ya nuna ko jaririn yana da nakasa, har da ko mace ne ko namiji. Anti, ina so in sani, ina kuma tsoron in sani. Ba na iya barci. In na yi gwajin na yi laifi? In na ƙi, aka haifi mai sikila, ni na jawo masa?

'Yar'uwarki a Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau uku, kowane karo kuma a wuri ɗaya nake tsayawa, inda kika ce ba kya iya barci. Allah ya ba yaronki lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na ga ita ce take cin ki a rai. A'a, ba ke kika jawo ba. Kun yi abin da ake ta kira a yi, kun je an gwada ku kafin aure, aka ba ku takardar da ba daidai ba. Yaro ba ya zama SS sai ya ɗauko S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, rabi da rabi. Duk wanda ya ɗora miki wannan kaya ke kaɗai, ko dai bai san yadda abin yake ba, ko ya sani ya kau da kai.

Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila. An ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S a jininsa. Idan AS ya auri AS, kowane ciki da nasa rabon: kashi 25 cikin 100 ya zo SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Na sha jin mata a layin awo suna cewa tunda an haifi mai sikila ɗaya to uku masu zuwa sun tsira, wasu kuma su ce ai duk namijin da za a haifa sai ya zo da ita. Babu ko ɗaya. Ciki ba ya tuna abin da na gabansa ya zo da shi. Abin da lissafin nan yake gaya miki shi ne, sau uku cikin huɗu wannan da kike ɗauke da shi ba SS ba ne. Ki riƙa tuna wannan idan dare ya raba idonki biyu.

Gwaje-gwajen da aka gaya muku iri biyu ne, kada a haɗe muku su. Na sikila, wanda aka dogara da shi, da allura ake yi. Tsakanin sati 11 zuwa 14, likita yana kallon na'urar hoton ciki, ya soka siririyar allura ya ɗebo ɗan tsoka daga mabiyiya, tunda ita da jariri ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne. In lokacin ya wuce, daga sati 15 sai a ɗebi ruwan da jariri yake kwance a ciki. Gidauniyar Sikila ta Najeriya da ke Idi-Araba a Legas ta daɗe tana wannan aiki. Sakamakonsa abin dogaro ne ƙwarai, amma yana da haɗari: a hannun ƙwararre, kimanin mace ɗaya cikin 200, ko ƙasa da haka, kan yi ɓari ta dalilin allurar. Kaɗan ne, amma allura ba ta zaɓe, cikin da zai ɓare yana iya zama AA. Na biyun, wanda ake ɗibar jininki kawai, zan dawo kansa.

Game da maganar Mama, ki gaya mata cikin ladabi cewa wannan ba duba ba ne, ba bugun ƙasa ba ne. Abu ne da Allah ya riga ya halitta a jikin jaririn, likita karantawa kawai yake yi, kamar yadda hoton ciki yake nuna tagwaye ko kwanciyar jariri. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Neman sani ba laifi ba ne. Amma kada ki raina tsoron tsohuwa. Ina jin ba allurar take tsoro ba, abin da zai biyo bayan takardar take hangowa, kuma a nan tana da gaskiya.

Ƙanwata, ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayar da ya kamata ku amsa, ke da maigidanki, tun kafin a sayar da fili, tun kafin ki hau mota, ita ce: in takarda ta fito SS, me za mu yi? Yanzu da shi da ke amsarku ba ɗaya ba ce. Shi ya riga ya yanke, ke ba ki yanke ba. In kuka tafi a haka, ranar da sakamako ya fito za ki tsinci kanki a garin da ba naki ba, nesa da uwarki, an kashe kuɗin fili, kwanaki suna ƙurewa, mijinki yana kallonki. A irin wannan hali mace takan ce "to" da baki alhali zuciyarta ba ta ce ba, ta kuma ɗauki abin har kabarinta. Wanda ya biya kuɗin gwaji bai sayi hukuncin ba. Jikinki allurar za ta shiga, kuma babu likitan kirki da zai taɓa ki sai da sa hannunki da yardarki ta gaskiya.

Akwai kuma abin da takardar ba za ta iya faɗa muku ba. Za ta ce SS, ta yi shiru. Ba za ta ce wace irin rayuwa ba. Ina da ɗan yaya mai sikila. Har gobe ina tuna wani daren hunturu, ina riƙe da fitila, yayata tana tsoma tsumma a ruwan ɗumi tana gasa masa gwiwoyi, shi kuma ya cije bakin zani don kada kukansa ya tashi ƙannensa. A daren ban zaci zai ga sallah ba. Yau shekararsa 34, malamin makaranta ne, da 'ya'yansa biyu, ciwon yakan tashi ya kwanta. A layinmu kuma akwai wata yarinya da ba ta cika shekara uku ba: zazzaɓin dare ɗaya, saifa ta kumbura, kafin a samo jini ta cika. Su biyun da an gwada su a ciki, haruffa biyun nan ɗaya za a rubuta musu. Tsananin cutar yana bambanta daga yaro zuwa yaro, ko da uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kulawar da aka samu da wuri tana da babban rabo a ciki.

Mijinki ba mugu ba ne, kada ki bari wani ya ce miki haka. Mutumin da ya yi ta zarya yana neman jini sau huɗu, ya kwana goma sha ɗaya a barandar asibiti, har yake shirin rabuwa da filinsa, tausayi ne yake magana a bakinsa, da gajiya, wataƙila da jin cewa takardarsa ce ta yaudare ku. Maza ba su cika faɗin irin wannan ba. Sai dai kalmar da ya yi amfani da ita, "tun bai zama mutum ba", tana buƙatar a tsaya a kanta.

Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya kawo matakan halitta arba'in-arba'in sau uku, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Daga nan malamai suka ɗauki kwana 120, kuma sun haɗu a kan cewa bayan haka ba a taɓa ciki sai in ran uwa ne yake cikin haɗari. Kafin kwana 120 akwai saɓani. Wasu malaman Hanafiyya da Shafi'iyya sun sassauta idan da uzuri. Mazhabarmu ta Malikiyya ita ta fi tsanantawa, sanannen ra'ayinta shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana arba'in ba. Naki ma ya haura arba'in, don asibiti daga ranar jinin al'ada na ƙarshe suke ƙirgawa, sati tara nasu kusan kwana 49 ke nan da shigar ciki. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a Makka ta yi matsaya cewa ana iya zubarwa kafin kwana 120 idan kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar jaririn yana da mummunar nakasa wadda ba ta karɓar magani, rayuwarsa za ta zama azaba gare shi da iyalinsa, kuma iyayen ne suka nema. Ki lura da sharaɗin: wadda ba ta karɓar magani. Fatawa ta malamai ce, kuma ina so ku je gaban wanda kuka amince da iliminsa ku biyu, ku kai masa bayanin likita yadda yake, ba a rage ba a ƙara. Amma a ganina da wuya a tura sikila cikin wannan sharaɗi, cutar da ake da maganin rage kaifinta, ake ma warkar da wasu.

Sai doka. Dokar laifuka ta Arewa, Pinal Kod, ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14, kuma bai bar ita matar a baya ba. Sikilar jariri ba ta cikin uzurin. Ma'anar wannan a aikace, ba ta babbar ƙofar asibiti za a bi ba, ta bayan gida za a bi, ko a ɗakin wani mai kemis, ko a kawo ƙwayoyi a leda. Ta nan mata suke zubar da jini, mahaifa ta ruɓe, wasu su rasa haihuwa, wasu su rasa rai. Kina da yaro mai sikila da babu wanda ya san kukansa kamarki. Mijinki ya yi wannan lissafin kuwa?

Ni dai, tunda kin tambaye ni, ba na ba ki shawarar cirewa. Kuma yadda na karanta wasiƙarki, ke ma zuciyarki ba ta can, da tana can da ba ki rubuto ba.

To in ba za a cire ba, me gwajin allurar zai ƙara muku? Gaskiya kaɗan ne. Jariri mai sikila yana zuwa duniya da wani nau'in jini na jarirai da yake kare shi watannin farko, shi ya sa alamu ba su cika bayyana ba sai wajen wata biyar ko shida. Kin gani da idonki, na farinki sai a wata takwas. Ana iya gwada jariri bayan haihuwa da ɗigon jini daga dunduniya, kuma duk abin da ake buƙatar farawa, a lokacin bai makara ba. Abin da gwajin ciki zai ba ki shi ne sani da wuri. Akwai matan da rashin sani ya fi musu komai ciwo, in suka sani sukan samu natsuwa su yi shiri. In ke irinsu ce, kuma mijinki ya yarda a gaban shaida cewa ko me ya fito za a bar ciki, to kina da damar yi, ba ki yi laifi ba. Sai ki auna shi da haɗarin ɓari, da wahalar tafiya daga Gombe da ƙaramin ciki, da kuma wata shida da za ki yi ɗauke da labarin in ya zo ba yadda kike so ba. In kuwa bai yarda da wannan sharaɗi ba, kada ki je.

Ga abin da nake so ki yi cikin satin nan, don lokaci yana tafiya. Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yanzu mutanen Gombe suke ce wa FMC, ku biyu, ba ke kaɗai ba. Ku ga likitan mata a tabbatar da kwanakin cikin da hoto, ku nemi ganin likitan jini. A sake gwada jininku ku duka a wurin da ake da na'urar zamani, tunda an taɓa kuskure sau ɗaya. Ki bar mijinki ya yi tambayoyinsa da bakinsa, sau da yawa abin da mata ta faɗa sau goma ba a ji ba, likita yakan faɗa sau ɗaya ya shiga.

Ku kuma tafi da yaron, don ina zargin rabin tsoron babansa daga halin da yake ciki ne. Ku tambaya ko ya dace a ɗora shi a kan haidiroksiyuriya, maganin da yake rage tashin ciwo da yawan ƙarin jini. Ku tambaya inda ake hoton jijiyoyin kai da ake kira TCD, wanda ake so a yi wa masu sikila duk shekara daga shekara 2 zuwa 16 don gano wanda shanyewar ɓarin jiki take yi wa barazana. Nan kusa da mu, a Asibitin Malam Aminu Kano, likitoci tare da Jami'ar Bandabilt ta Amurka sun yi bincike da ya nuna haidiroksiyuriya yana kare irin waɗannan yara. Shi kuma na ciki, in ya zo SS, zai fara da abin da yayansa bai samu ba: a san shi tun yana cikin zanen goyo, a fara ba shi fenisilin kullum tun yana wata biyu zuwa uku har ya kai shekara biyar, allurar rigakafi cikakkiya, folik asid, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro, ga uwa da ta iya taɓa saifa, ta san zazzaɓi ba ya kwana a gida. Kuɗin filin nan, in har sai an sayar, nan ya fi amfani.

Gwajin da ake ɗibar jininki kuwa, ana yin sa daga sati 10. Yana kama ɓurɓushin ƙwayoyin gado na mabiyiya da suke yawo a jinin uwa, kuma an fi yin sa don larurar Dawun, wadda take jawo wa yaro jinkirin girma da na koyo, da wasu makamantanta biyu. Tacewa yake yi, ba yanke hukunci ba. Yakan ce akwai matsala alhali babu, musamman ga mace mai ƙananan shekaru irinki, sai an koma ga allura kafin a tabbatar. Ba shi ne amsar tambayarku ba, kuma in likitanki bai ga dalili ba, kada ki sayo wa kanki sabon tashin hankali da kuɗi mai yawa. Batun mace ko namiji ma ina jin tsoronsa. A Indiya sai da gwamnati ta haramta faɗin jinsin jariri a 1994, saboda yadda ake zubar da cikin 'ya'ya mata. Mu da muke karanta ayar Suratut Takwir, ranar da za a tambayi wadda aka binne da rai da wane laifi aka kashe ta, bai kamata mu buɗe wannan ƙofa ba. In aka fara zaɓen wanda zai zo da wanda ba zai zo ba, ina za a tsaya?

Uwar mijinki ba taki ba ce, ta ɗanta ce. Shi zai zaunar da ita ya gaya mata cewa S ɗin da ke jikin jikanta rabi daga gidansu ya fito. Ƙarin aure hakkinsa ne, amma ba sandar da za a riƙa ɗaga miki kina da ciki ba. Duk abin da kuka yanke, ko sakamakon gwaji in kun yi, ya tsaya tsakaninku da likita. Jaririn da aka fara kiransa mai ciwo tun kafin ranar suna, an zalunce shi.

Akwai wani kuma da ba a sa shi a lissafi ba, kuma yana cikin gidan. Yaro ɗan shekara shida yana ji, yana kuma haɗa magana. In ya ji ana cewa irinsa ba za a bari a haifa ba, me zai ɗauka game da kansa? Don Allah ku daina wannan zance a gabansa, ko kuna zaton barci yake.

Bayan kin haihu kin gama wanka, sai ku zauna kan gaba. Kuna iya ba da tazara mai tsawo, ko ku tsaya a uku. Akwai kuma hanyar da ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a gwada bayan 'yan kwanaki, a dasa wanda ba SS ba. Ana yi a Abuja da Legas, malamai da yawa sun halatta in daga ma'auratan ne, sai dai miliyoyin naira ne, ba kullum yake kamawa ba, kuma akwai tambayar abin da za a yi da sauran da ba a dasa ba. Dashen ɓargo yana warkarwa, an fara yin sa a Najeriya a Benin a 2011, kuma ya fi nasara in ɗan'uwa na jini ne ya bayar. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da maganin gyaran ƙwayoyin gado mai suna Casgevy, kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, ya fi ƙarfinmu yau, amma lokacin da nake riƙe wa yayata fitila ko labarin irinsa babu.

Yau da daddare, in yara sun yi barci, ki kai masa abinci, ki bari ya ci. Kada ki fara da malamai ko doka. Ki ce masa kin san don tausayi ya faɗi abin da ya faɗa, ke ma tsoron da yake ji shi kike ji, amma ba za ki iya hawa mota ba sai kun yi magana ɗaya. Ku yi istihara ku biyu. In maganar ta ƙi daidaita, ki nemo babba ɗaya da yake jin nauyinsa, mai riƙe sirri, ya raka ku wurin likita da wurin malam. Ki ci abinci, ki sha magungunan awonki, kuma ki gaya wa likita batun rashin barcin nan, kada ki ɓoye. Ki sake rubuto mini bayan kun dawo daga asibiti, ina so in ji abin da aka ce game da yaron.